Shekarar da Aka Yi wa Iri Fenti

Bana ma ruwa ya yi mana halin nasa. Ya sauko sau ɗaya da ƙarfi, mutane suka ruga gona, sai ya ɗauke ƙafa. Ina zaune a inuwar ɗakin girki da mafici a hannu, zufa har cikin kunne, jikata Husna ta dawo daga makaranta ta yar da jaka a tabarma.

"Iya, Anti ta ce gobe kowa ya zo da wake cike da gwangwanin madara. Za mu ƙirga sautin kalmomin Turanci."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, ni da gwiwa ke hana ni sakat. Na ce, "Wake? A wannan watan? Ki koma ki gaya wa Antinku, daga gidan nan ko ƙwaya ɗaya ba za ta je makaranta ba."

Uwarta, matar ɗana, ta leƙo da muciya a hannu. "Haba Iya, don gwangwani ɗaya?"

Ta ɗauka rowa ce irin ta tsufa. Ni da na ƙare ƙuruciyata da alli a hannu, a ce zan hana yarinya kayan karatu? Na ce ta sauke tukunyarta ta zo ta zauna, yau za ta ji dalili.

A lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, Abuja kuma tana ta kumbura tana turo mana mutane. Kullum da asuba motocin ma'aikata na fita daga Keffi cike maƙil, da yamma su dawo da su a gajiye. Ni ina koyar da aji uku a wata firamare can bayan Tudun Ƙofa, ba zan kama sunanta ba. Kamar yawancin malamai, ina da 'yar gonata wajen rafin Antau, don alli kaɗai ba ya cika tukunya. Gonar da ke jikin tawa ta Maman Rifkatu ce, wata 'yar ƙabilar Eggon da mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Ba ta da kowa a gari sai fartanyarta da cocinsu. Babbar 'yarta, Rifkatu, tana ajina. Ta girmi sauran yaran domin ba a sa ta da wuri ba, amma kai gare ta kamar me.

Ruwan farko na shekarar nan ya zo da dare ɗaya, mai yawa, har Antau ya yi motsi. Washegari kowa ya zuba abin da yake da shi a ƙasa. Ni ma na shuka gyaɗata da masarata kaf, ban rage ko na ɗanɗano ba. Maman Rifkatu ta tsaya a kan iyaka tana kallona tana girgiza kai.

"Malama, ruwan farko ba a ba shi amana. Rabi za ki ba shi, ki ga halinsa."

Na yi dariya na ce tsoro ya yi mata yawa. To, shuka ta fito tsaf, kore shar, sai sama ta rufe bakinta. Rana ta buɗe wuta. Ganye ya fara naɗewa da hantsi, daga baya ya daina warwarewa ko da yamma, daga nan ya zama kamar taba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, tata ma ta ƙone kamar tawa. Bambancin kawai, ita tana da sauran rabin irinta a tulu, ta gauraya shi da toka ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gado.

Zafin shekarar nan ba na mantawa da shi. Kwanon rufi yana ƙara da rana kamar ana taka shi. Rijiyoyin unguwa suka koma laka, sai mu yi sammako mu bi yashin Antau muna tono, mu jira ruwa ya tsattsafo mu kwasa da ƙoƙo. In an dawo a tace da ɗankwali, a raba na sha da na girki, na wanke-wanke kuwa sai ya yi aiki biyu kafin a zubar wa kaji. Da safe koko ne tsararo wanda kake iya ganin gindin kofi. Da rana a jiƙa garin rogo, in an samu ƙuli-ƙuli a marmasa, in babu gishiri ya isa. Tuwo sai dare, shi ma miyar busasshiyar kuɓewa ce ba mai. Mangwaro ne ya riƙe yaran garin nan, tun yana ɗanye suke jifansa, har bakinsu ya yi gyambo. Musulmi suka fita roƙon ruwa, su Maman Rifkatu suka yi ta addu'a a coci. Kullum da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta taso ta watsa shi.

Duk da haka ta ce mu shirya, ruwa ba ya sallama in zai zo. Ta fasa bakin tulun, muka zauna gindin mangwaron ƙofar gidanta ni da ita da wasu mata biyu muna ɓare gyaɗar. Wata 'yar ƙaramar gyaɗa ce ja, mai nuna da wuri, wadda ta ce daga hannun uwarta ta karɓo ta can gindin dutsen garinsu, kuma ba a samun irinta a kasuwar Keffi. Yaranta suna zaune suna kallon hannunmu. Wadda ta motse ko ta fashe ita ake miƙa musu, mai kyau kuwa ko kallon banza ba sa yi mata. Da muka gama ta cika ƙwarya babba. Ta ɗora hannu a kai ta ce, "In ruwa ya sauka, Malama, kina da rabo a ciki. Amma bana za ki ji magana."

A cikin wannan hali ne hedimastanmu ya dawo daga wata bita da aka kai su Abuja. Malamai muna kiransa Malam A-Abuja a bayan idonsa, domin ba ya buɗe baki sai ya ce, "A Abuja ba haka ake yi ba." Ɗan manomi ne fa, na san gidansu, na san rumbun ubansa. Amma tun da ya kwana uku a otal mai na'urar sanyi, ƙasar Keffi ta fara yi masa ƙaiƙayi a ƙafa.

Ya zo da sabuwar hanyar koyar da karatu, kuma gaskiya ɗaya ce, hanyar tana da kyau. Turanci munafukin harshe ne, abin da ya rubuta daban, abin da yake faɗa daban. Sai aka ce a bar yaro ya saurari kalma da kunnensa, ya ja ta a hankali, ya ƙirga sautin da bakinsa ya fitar, ya manta da yawan haruffa. A zana 'yan akwatuna da alli a kan benci, kowane sauti ya tura abu ɗaya cikin akwati. Ka ce fish, haruffa huɗu, amma turawa uku za ka yi. Ka ce knife, haruffa biyar, turawa uku. Ka ce box, haruffa uku, sai ga turawa huɗu. Yaran suka ɗauki abin kamar wasan dara. Na sa kowa ya tsinto tsakuwa daga Antau in an je ɗiban ruwa, muka wanke muka zuba a gwangwani. Cikin 'yan makonni yaran da ba sa iya haɗa harafi biyu suka fara tsinkar karatu. Rifkatu kuwa kafin in rufe baki ta tura nata ta ɗaga hannu.

Abin da ya fara ɓata mini rai katunan da ya kawo ne. Duk hoton abinci. Bread, egg, meat, milk. Yaro bai karya ba, cikinsa na kuka ana ji daga bencin baya, ni kuma ina ɗaga masa hoton soyayyen ƙwai ina cewa ya ja kalmar a hankali ya ji daɗin sautinta. Na kife katunan na koma kalmomi irin su sun da hot da dust, abin da muke ciki.

Ran nan ya shigo ajina ya ga tsakuwa. Ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu kamar kashin akuya.

"Malama, mene ne wannan?"

"Abin ƙirga ne, ranka ya daɗe."

"Manyan baƙi za su zo daga Abuja ran Litinin su ga yadda muke aiki da sabon tsari, kuma ajinki za su shiga. Su tarar da duwatsu? A Abuja da wake aka nuna mana, da gyaɗa. Kowane yaro ya kawo cike da gwangwani. Wanda bai kawo ba ya zauna gida."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka leƙa gidajen yaran nan kuwa? Wanda yake da gwangwanin wake yau ai dafawa zai yi."

Ya ce shi ba shawara ya zo nema ba.

Washegari ya tsaya a bakin ƙofa da kansa. 'Ya'yan ma'aikata kaɗan suka kawo, sauran ya kora su. Yara suka watsu a hanya suna kuka, ga rana, ga yunwa. Ta nan Maman Rifkatu ta ci karo da su tana dawowa daga rafi da tulu a ka. Da yamma sai ga ta a gidana a unguwar Liman Abaji, da ƙwaryar nan a lulluɓe da zane.

"Malama, Rifkatu ta ce ƙirgawa kawai ake yi, ba ci ba."

"Ƙirgawa ce kawai."

"To ga shi, ya ishi ajin duka. Kada a kori ɗan kowa. In baƙin sun tafi ki dawo mini da abuna." Ta ɗaga yatsa. "Amma kada ta ga ruwa, kada ta ga rana, kada ta ga baki."

Na ce mata ta mayar, abin ya yi nauyi. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta ga yadda 'yarta ke karanta allon shaguna a hanya tun da aka fara wasan nan, ba za ta so a tsayar ba. Na karɓa da hannu biyu, na ce mata ƙwaya ɗaya ba za ta yi ciwon kai ba.

Bakin yara na fi jin tsoro. Ranar Juma'a da za mu yi gwaji na tsaya gaban aji na ce, "Wannan irin Maman Rifkatu ne. Iri ne." Ban ƙara komai ba. Wallahi yaran nan, da leɓunansu a bushe, suka yi ta tura gyaɗa cikin akwati suna jan sauti, ƙamshinta na dukan hancinsu, babu wanda ya kai hannu baki. Wata yarinya 'yar mitsitsiya, gyaɗarta ta faɗi ta gangara ƙarƙashin benci, ta bi ta da rarrafe ta ɗauko ta hure ta mayar. 'Ya'yan manoma ne, sun san ba a cin iri. Da aka tashi suka juye a ƙwarya, ta koma yadda ta zo.

Na ɗauka zan fita, Malam A-Abuja ya tare ni. Wai kayan koyarwa ba sa kwana a gidan malami, a ofis ake ajiyewa. Na ce aro ne, kuma iri ne, na faɗa masa sharaɗin mai shi kalma da kalma. Ya ce, "Haba Malama, a kabad zan kulle, ga makulli a aljihuna. Ko ɓera ba zai gani ba." Na sa ƙwaryar a kabad da hannuna, na ga ya murɗa makulli.

Ran Litinin na yi sammako. Tun daga bakin hanya na ga an shafe bangon gaba da fenti, na gaba kaɗai, wanda ake gani daga mota. Ina shiga sai warin kananzir ya buge ni. A bayan ofis an shimfiɗa fallayen kwano biyu a fili, an baza wasu abubuwa a kai, rabi ja wur, rabi shuɗi, suna ƙyalli kamar duwatsun wuya. Na matsa na ɗauki ɗaya. Gyaɗa ce.

Ashe ran Asabar da mai fenti ya gama bango, sai hedimasta ya sa shi ya tsinka ragowar da kananzir, aka juye irin a bokiti aka dama. Aka shanya a kan kwano, ya sha ranar Asabar, ya sha ta Lahadi, ranar da in ka taɓa kwano sai ka yi ihu.

Na faɗa ofishinsa ba sallama. Yana gyara hula a madubi.

"Wa ya taɓa ƙwaryar nan?"

"Af, kin gani? Ja na wasali, shuɗi na sauran sautuka. A Abuja haka..."

"Iri ne! Na gaya maka iri ne! Abincin marayu ne na shekara!"

"Malama, ki rage murya. Gyaɗa ce fa. Gyaɗa ta ƙare a kasuwa ne?"

Kai jama'a! Da a ce baƙo ne wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, da na ce jahilci ne. Amma mutumin da aka yaye shi da kunun gyaɗar gonar ubansa! Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa namiji ba, har malamai suka shigo suka janye ni. Ko a jikinsa. Damuwarsa kada baƙi su iso su ji hayaniya.

Rifkatu ce ta fara shiga aji ta ga an jera musu a benci. Ta ɗauki ɗaya ta kankare da farce, ta dube ni. Ban iya haɗa ido da ita ba.

Baƙin ba su iso ba sai bayan azahar, yara na zaune tun safe ba ko ruwa. Mutum uku ne da mai ɗaukar hoto. Na ɗaga kati, yara suka tura ja da shuɗi, Rifkatu ta yi nata daidai ba kuskure, fuskarta kamar an ɗaure. Wata mai gilashi ta tafa ta ce kalolin sun burge ta, har ta ɗebi cikin hannu ta zuba a jaka za ta nuna a wasu makarantu. Ba su zauna ba ma. Direbansu ya leƙo ya ce hadari ya taso, gara su kama hanya.

Motarsu ba ta kai kwalta ba ruwa ya ɓarke. Ruwan gaske, mai ƙamshin ƙasa, wanda ake ta roƙo. Gari ya ɗauki guɗa, yara suka fita tsakiyar fili suna tsalle da baki a buɗe. Ni kuwa na tattara abin da ya rage a ƙwarya, na lulluɓe da zanen da ya zo da shi, na bi Rifkatu cikin ruwan nan har gidansu.

Mun tarar da uwar a ƙofar ɗaki tana wasa fartanya a dutse, tana 'yar waƙarsu ta coci. Ta gan mu ta washe baki. "Malama, kin ga ikon Allah? Gobe da asuba!"

Na ajiye ƙwaryar na yaye zanen.

Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki ɗaya ta fasa da haƙori, ta shinshina, ta tofar. Cikin ya yi ruwan ƙasa kamar an soya. Na ba ta labari ina kuka don baƙin ciki, ita ko hawaye babu. Da na gama ta ce, "Hedimastan nan, ba ɗan gidan mai rumbu uku ba ne na bakin kasuwa?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "To."

Mun gwada, don kada a ce ba mu gwada ba. Matan unguwa suka taru muka dirje ta da toka da yashi har fatar hannu ta saɓule, muka shuka. Ko ɗaya ba ta tsaga ƙasa ba. Duk ruwan da aka yi sai ya wanke kunya ya fito da su, ja da shuɗi, suna kallon mutum. Daga baya aka yi mata karo-karo, wannan cikin hannu, waccan cikin hannu, na coci da na masallaci, har aka haɗa abin da za ta sake shukawa. Amma tarkacen kasuwa ne mai jinkirin nuna, kuma lokaci ya riga ya wuce. Abin da ta tona bai kai su ko Kirsimeti ba. 'Yar jar gyaɗar uwarta kuwa, daga ranar ban sake ganin irinta a Keffi ba.

Na kai ƙara ofishin ilimi. Aka ce in yi haƙuri, niyyarsa mai kyau ce. Hoton ajina da ja da shuɗi a benci ya daɗe a rataye a bangon ofishin hedimastan, har aka ƙara masa girma ya tafi da abinsa.

Bayan girbi wata mata mai aiki a Abuja ta zo neman yarinyar da za ta riƙe mata yara. Bakin ci ɗaya ya ragu a gida, shi ne lissafin. Na roƙi Maman Rifkatu ta bar mini ita a wurina, ta ce, "Malama, ke ma gonarki ta ƙone." Na raka su tasha. Rifkatu na riƙe da leda mai kayanta, da rigar makaranta a jikinta don ita ce mai kyau. Matar ta dube ta sama da ƙasa, ta juya wajen uwar.

"Yarana ba sa jin Hausa fa. Tana jin Turanci?"

Maman Rifkatu ta gyara wa 'yarta wuyan riga. Ta ce, "Ji kam ban sani ba, Madam. Amma ta iya ƙirga shi. Da gyaɗata aka koya mata."

Rifkatu ba ta sake zama a aji ba, nawa ko na wani.

Da na kai nan tuwon matar ɗana ya huce a tukunya. Husna ta ce, "To Iya, in Anti ta kore ni fa?"

Na ɗauki gwangwanin na fita ƙofar gida. Gonakin Antau duk sun zama filoti yanzu, maƙwabcinmu ma gini yake, an juye masa tsakuwa tuli guda. Na tsinto masu sulɓi na wanke su tas, na cika gwangwanin na ajiye mata kusa da jaka. Na ce ta faɗi fish. Ta faɗa, ta tura uku.

"Kin gani, sun yi aiki. In Antinku ta ce lallai sai wake, kada ki yi mata musu. Ki ce kakarki na nan tafe da sandarta."